Yadda Ɗalibi Zai Gudanar da Bincike Kan Mulkin Ƙaramar Hukuma a Jihar Kebbi

Ɗalibin da ke nazarin harkokin mulki a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ko a wata makaranta mai zurfi, idan lokacin rubuta kundin kammala karatu ya zo, yakan zaɓi take mai faɗi kamar matsalolin ƙananan hukumomi a Nijeriya, ya raba takardun tambayoyi ɗari, sannan ya ƙirga waɗanda suka amince da waɗanda ba su amince ba. Irin wannan aiki ra'ayin mutane kawai yake tattarowa, ba ya nuna yadda mulki ke gudana. Hanyar da ta fi amfani ita ce mai bincike ya bi sawun kuɗi da umarni, tun daga takarda har zuwa inda aka ce an yi aikin.

Abu na farko shi ne taƙaita take. Ƙananan hukumomi 774 ne a ƙasar nan, 21 daga cikinsu a Kebbi, kuma ɗaya ta ishi ɗalibi. Ya ɗauki hukuma ɗaya da aiki ɗaya da shekaru ƙayyadaddu, misali yadda ake karɓar harajin kasuwar Jega cikin shekara uku, ko yadda ake kula da asibitocin sha-ka-tafi a Augie. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, ciki har da kasuwanni da tashoshin mota da rajistar haihuwa da mutuwa, kuma daga nan ya kamata a zaɓa, domin kada ɗalibi ya tuhumi shugaban ƙaramar hukuma kan titin da haƙƙin gwamnatin jiha ne.

Bayan haka sai takardu, kuma a nan ne ya kamata a ɓata mafi yawan lokaci. Kason da kowace ƙaramar hukuma ke samu daga asusun tarayya ana wallafa shi wata-wata, kuma ana samunsa a intanet ta hannun Ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Sai dai abin da aka rubuta a Abuja ba lallai ne ya zama abin da ya isa sakatariya ba, domin sashe na 162 na kundin tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda kuɗin suka daɗe suna bi ta cikinsa. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, saboda haka wajibi ne ɗalibi ya fayyace ko shekarun da yake nazari kafin hukuncin suke ko bayansa, kuma ya binciko abin da ake yi a aikace maimakon ya ɗauka cewa hukunci ya zama aiki. Ya nemi kasafin kuɗin hukumar da rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙananan hukumomin jiha, ya jera alƙaluman kafaɗa da kafaɗa. Giɓin da ya bayyana tsakaninsu shi ne ainihin tambayar bincikensa.

Samun waɗannan takardu yana buƙatar ladabi da naci. A tafi da wasiƙar gabatarwa daga shugaban sashe, a miƙa ta ga daraktan kula da ma'aikata, a karɓi kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuta, amma a ganina bai kamata a fara da ambaton doka ba, domin ma'aikacin da ya ji kamar an zo tuhumarsa zai ce fayil ɗin yana hannun wanda ya yi tafiya. A ajiye ta sai an ga ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Wanda takensa ya shafi tarihi ya tuna cewa Kebbi ta fita daga tsohuwar Jihar Sakkwato ne a 1991, kuma kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976 tsarin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, shi ne ya daɗe yana riƙe da haraji da kotuna. Takardun lardin Sakkwato na zamanin Turawa suna Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna.

Sai hira da mutane. Ma'aji ko sakataren da ya yi ritaya yakan fi wanda ke kan kujera sakin baki, domin ba ya tsoron canjin wurin aiki. Kafin a shiga ƙauye a fara gaida hakimi da dagaci a bayyana musu manufa, tunda masarautun Gwandu da Argungu da Yawuri da Zuru har yanzu su ne ƙofar shiga jama'a. Amma kada a yi hira da talakawa a zauren mai unguwa, domin ba wanda zai soki mai karɓar haraji a gabansa. Hirar mata ta fi kyau a hannun mace. A yankin Zuru ko Kamba a nemi tafinta amintacce, kuma a tuntuɓi mutanen gari kan lafiyar hanya kafin a kama ta. Duk wanda za a ɗauki muryarsa a nemi izininsa, a kuma sakaya sunansa a cikin kundin.

Daga nan ɗalibi ya je ya gani da idonsa. Idan kasafi ya ce an haƙa rijiyar burtsatse a wata mazaɓa, ya isa wurin ya ga ko tana ba da ruwa, ya rubuta ranar da ya je, ya tambayi masu ɗiba yaushe ta fara aiki da kuma wanda ke gyara ta idan ta lalace. A wajen rubutu ya ware abin da takarda ta ce da abin da aka faɗa masa da abin da ya gani, kowanne a muhallinsa, kuma inda suka saɓa ya kawo su duka ukun ya bar mai duba aikinsa ya ga saɓanin.