Kurakuran sababbin makaɗan tek-det wajen koyi da magabata

Wanda ya fara jin tek-det, wato reshen gwaninta na det-metal (wani kiɗan jita da ganga mai tsananin ƙara da gurnani), sauri ne ke fara kama shi: yatsun mai jita na gudu kamar an koro su, ƙafafun mai ganga na dukan fedal biyu ba hutu, mawaƙi na gurnani daga maƙogwaro. Sai matashi ya ce shi ma sai ya yi, kuma tun daga nan tuntuɓe yake somawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a riƙe gwani ɗaya a haddace shi. Tun da ƙungiyar Necrophagist ta Jamus ta fitar da faifanta na 2004, ƙungiyoyi da dama suka bi sawun mai jitarta, Muhammed Suiçmez, har yadda yake share igiyoyin jita a bugu ɗaya. Na taɓa sauraron wani gwajin kiɗa da aka turo mini, minti huɗu cif, ba kuskure ko ɗaya, amma duk inda mai jitar zai lanƙwasa na riga shi sani. Abin ya ba ni tausayi, domin na san watanni ya yi a ɗaki yana rage gudun waƙar a kwamfuta yana bin ta. Yatsun ya kwafa, ya bar tushen. Shi Suiçmez daga tsohon kiɗan gargajiyar Turai ya ɗebo. Ƙungiyar Atheist ta jihar Fulorida a Amurka ta sha daga jaz da kiɗan Latin Amurka. Da Chuck Schuldiner ya so sauya wa ƙungiyarsa Death fuska a 1991, sai ya jawo Sean Reinert da Paul Masvidal na ƙungiyar Cynic, waɗanda kunnensu ya saba da jaz. Gyaran ke nan: ka binciki abin da gwaninka yake saurare, ka je can ka ɗebo da kanka, ka haɗa da abin da ka taso kana ji a gidanku.

Sai masu zaton sauri shi ne waƙa. Ka gwada wannan: rage gudun kiɗanka da rabi, ka buga shi da jitar da ba wuta. In ba abin da ya rage da za ka iya rerawa, koma ka sake rubutu.

Akwai kuma gyaran kwamfuta da ya wuce kima, a jera kowane bugun ganga a kan layi har ɗumin hannun mutum ya ɓace. Ku ɗauki waƙa ɗaya tare a situdiyo, ku bar ƙananan tangarɗar da ba ta ɓata komai ba.

Wasu kuma gudun kwaikwayo ke jefa su wani ramin, su manna baƙon kayan kiɗa a farkon waƙa, daƙiƙa ashirin, sannan su koma abin da kowa ke yi. Wannan kwalliya ce kawai. Karl Sanders na Nile ya gina kalmomi da amon ƙungiyarsa a kan tarihin tsohuwar Masar, shi ya sa abin ya zauna. Luc Lemay na Gorguts a Kanada ma tsarin ginin waƙar ya sauya a faifansu na 1998, da amo mai karo da juna wanda mutane da yawa suka kasa haɗiya da farko. Daga baya wata ƙungiya a Jamus ta ɗauki sunan faifan, Obscura, ta sa wa kanta.