Yadda ake shirya kwas ɗin semina wanda ɗalibai ke jagoranta

Semina ba lacca ba ce. A lacca mutum ɗaya ke magana, saura na rubutu. A semina kuwa kowa ya karanta abu ɗaya kafin ya zo, sai a zauna a fuskanci juna a warware shi. Kalmar daga Latin take, ma'anarta wurin da ake renon iri kafin a dasa. Jami'o'in Jamus ne suka raya tsarin, tun daga seminar nazarin harshe ta Göttingen a ƙarni na 18 har zuwa zaman da masanin tarihi Leopold von Ranke ke yi da ɗalibansa a Berlin, inda suke bin tsofaffin takardu layi-layi. Jami'ar Johns Hopkins, wadda aka buɗe a 1876, na cikin waɗanda suka kai tsarin Amurka.

Abin da ya zo daga baya shi ne a bar wa ɗaliban akalar. Jami'ar Kaliforniya ta Berkeley na da shirin DeCal, kwalejin Oberlin na da ExCo, jami'ar Carnegie Mellon na da StuCo, jami'ar British Columbia ta Kanada ma na da nata. Sunaye sun bambanta amma galibi ƙashin bayan ɗaya ne: ɗalibi ya kawo batu, malami ya tsaya masa, hukumar jami'a ta amince, kwas ɗin ya shiga rajista. A wasu wuraren makin "ya ci" ko "bai ci ba" kawai ake bayarwa, a wasu kuma cikakken maki ne kamar kowane kwas.

Yawancin irin wannan kwas da ke rushewa abu ɗaya ke kashe su: ɗalibin da aka ba jagoranci ya koma ƙaramin lakcara. Duk matakan da ke ƙasa don toshe wannan ƙofa ne.

Batu: tambaya, ba fage ba

"Tarihin kuɗi" fage ne, ba zai ɗauki tattaunawar mako goma sha biyu ba, don babu abin da za a yi gardama a kai. "Me ya sa mutane suka yarda takarda kuɗi ce?" tambaya ce, kuma kowane mako za a iya cizon wani ɓangare nata. Ka gwada batunka da wannan ma'auni: shin mutum biyu masu hankali, da suka karanta abu ɗaya, za su iya saɓawa a kai? Idan amsar a'a ce, abin da ke hannunka darasin koyarwa ne, ka bar wa malamai.

Sai ka duba kundin kwasa-kwasan jami'ar. In akwai kwas mai kama da naka, za a dawo maka da takardarka, domin babbar hujjar amincewa da semina ta ɗalibai ita ce ta cike giɓin da manhaja ta bari.

Malamin da zai tsaya maka

Ka fara nemansa zango ɗaya cif kafin lokacin da kake so a fara, shekara guda ma ta fi, saboda kwamitocin manhaja ba kullum suke zama ba. Kada ka je masa hannu rabbana. Ka tafi da shafi biyu: tambayar kwas ɗin, jerin makonni da abin da za a karanta a kowanne, yadda za a ba da maki, da abin da kake so shi ya yi. Wannan na ƙarshen ne malamai suka fi dubawa, don aiki ya riga ya yi musu yawa. Ka faɗa masa a fili: zai duba jerin karatu, zai halarci zama biyu ko uku, za ku gana minti 20 duk bayan mako biyu, kuma shi zai sa hannu a kan maki.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne neman farfesa mafi suna a sashen. Sau da yawa zai ce to, sannan ba za ka sake ganinsa ba sai ranar sa hannu. Malamin da ke amsa saƙo cikin kwana biyu ya fi maka amfani. Kuma tun ran gini ran zane: ku rubuta wa zai yanke hukunci idan aka kama satar rubutu, ko wani ya ƙi amincewa da makinsa, ko rigima ta tashi a aji. Duk waɗannan na malami ne. Ɗalibi ba shi da hurumin hukunta ɗan'uwansa ɗalibi.

In da hali ku zama jagorori biyu. Ɗaya na jan tattaunawa, ɗayan na lura da agogo da waɗanda ba su yi magana ba, kuma ranar da zazzaɓi ya kwantar da ɗaya aji ba zai watse ba.

Mutum nawa, wane ɗaki

Takwas zuwa goma sha biyar. Ƙasa da takwas, ranar da uku suka yi fashi zaman ya mutu. Sama da goma sha biyar, lissafi ne ke hana ka: a zaman minti 90, idan ka cire minti 20 na buɗewa da rufewa, saura 70, mutum 14 kowa ya sami minti biyar. Ku kai 30, rabin ajin za su koma 'yan kallo, kuma wanda ya san ba za a kai gare shi ba ba zai yi karatu ba.

Ɗakin ma ba ƙaramin abu ba ne. Kujerun da aka kafe a jere suna kallon allo suna mayar da kowa ɗan lacca ko da bai yi niyya ba. A nemi ɗakin da za a iya jan kujeru a yi da'ira. Makarantar Phillips Exeter ta Amurka ta gina tsarinta gaba ɗaya a kan tebur mai siffar ƙwai da ke ɗaukar ɗalibai kamar 12, tun bayan gudummawar attajiri Edward Harkness a 1930, dalilin kuwa kowa ya ga fuskar kowa. Jagora ya zauna cikin mutane, ya riƙa sauya wuri kowane mako, kada ya tsaya kusa da allo.

Karatu: kaɗan, amma a karanta

Sabon jagora yakan yi ci da zuci. Yana so ya nuna kwas ɗinsa ba na wasa ba ne, sai ya lafta shafi 100 a mako. Mako na uku ba wanda ya karanta, kowa ya zo yana kame-kame. Ƙa'idar da jami'o'i da dama ke bi ita ce awa biyu na aiki a gida kan kowace awa ɗaya ta aji. To ka ɗauki agogo ka karanta abin da za ka bayar, da biro a hannu, ka ninka lokacin sau ɗaya da rabi saboda kai ka riga ka san batun. Ga zaman awa ɗaya da rabi, shafi 20 zuwa 35 na rubutun masana ya wadatar. Maƙala biyu gajeru da suka saɓa wa juna sun fi babi ɗaya mai tsawo, don gardamar ta riga ta zo da ƙafarta.

A haɗa dukan abin karantawa wuri ɗaya kafin mako na farko, a tambayi ɗakin karatu na jami'a abin da dokar haƙƙin mallaka ta yarda a kwafa. A bar makonni biyu ko uku na ƙarshe babu komai a jadawali, 'yan aji su zaɓi abin da za a cike su da shi.

Ga dabarar da ta fi kowace tasiri: kowa ya aiko da rubutu na kalma 150 zuwa 200 awa 24 kafin zama. Ba taƙaitawa ake so ba. Ya kawo jimla ɗaya daga abin da ya karanta, da lambar shafi, ya faɗi abin da ya ɗaure masa kai ko abin da bai yarda da shi ba. Lambar shafin nan ita ce makullin, don wanda ya leƙa taƙaitawa a intanet ko ya sa manhajar kwamfuta ta rubuta masa, da an ce "buɗe wurin ka karanta mana abin da ke gabansa" zai fara inda-inda. Jagora ya karanta waɗannan da daddare, ya tsamo tambayoyinsa daga cikinsu.

Yadda minti 90 ke tafiya

Minti biyar na farko kowa ya yi shiru ya rubuta amsar tambaya ɗaya. Wannan na ba masu kunya abin riƙewa, don karanta abin da ka rubuta ya fi sauƙi a kan magana da ka. Minti goma na gaba masu jagorancin wannan makon, wato mutum biyu daga cikin 'yan aji da aka ba makon tun farkon zango, su gabatar. Goma, ba ƙari. A sa agogo a kan tebur. Kuma a hana su maimaita abin da kowa ya karanta. Aikinsu su nuna inda marubucin ya fi ƙarfi, inda ya yi rauni, su ajiye tambaya. Sai minti 15 mutum uku-uku, sannan a dawo da'ira a yi minti 50 ana tattaunawa. Minti goman ƙarshe wani ya faɗi abin da aka cim ma da abin da ya rage a buɗe, a rubuta shi, da shi za a fara mako mai zuwa.

Tambaya uku ko huɗu sun isa zama guda. "Me kuka gani a karatun yau?" ba ta haifar da komai sai kallon-kallo. Tambayar da amsarta ke shafi na bakwai kuma jarrabawa ce. Wadda ke aiki ita ce mai nuna wuri kuma mai tilasta zaɓi: "A nan ya ce kaza, a can ya ce akasin haka. Ya saɓa wa kansa ne, ko mu ne ba mu gane ba?"

Daga nan sai abu mafi wuya, wato yin shiru. Mary Budd Rowe, mai binciken koyarwa a Amurka, ta gano cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya, kuma idan jiran ya kai daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi kan yi tsawo, masu amsawa su ƙaru. Ɗalibi jagora ya fi malami tsoron shiru, don gani yake abokansa na cewa ya kasa. Sai ya amsa tambayarsa da kansa, 'yan aji kuma su gane cewa in suka yi gum zai yi musu aikin. Ka ƙirga har goma a zuci, idonka a kan takarda. Wani zai yi magana. Idan ya gama, kada ka ce "daidai" ko "madalla", domin da ka faɗi haka ka zama alƙali, kowa zai riƙa yi maka magana kai kaɗai. Ka juya ga wani ka ce, "Hauwa, abin da kika rubuto jiya ya saɓa da wannan, ko?"

Jagora na biyu ya zana da'ira a takarda da sunan kowa, duk wanda ya yi magana ya ja layi daga shi zuwa wanda ya amsa masa. Bayan zama ku duba. Idan layukan duk sun taru a kan jagora kamar sipok ɗin keke, lacca kuka yi. Idan sun taru a kan mutum uku, an kankane zaman.

Mai kankane magana ba mugu ba ne, galibi ma shi ya fi kowa karatu. Kada a gwale shi a gaban mutane. A same shi a gefe, a ba shi aikin rubuta taƙaitawar ƙarshe, wanda zai sa dole ya saurara. Wata hanyar ita ce dokar "sai uku sun yi magana kafin ka sake". Mai shiru kuwa kada a yi masa kwanton-ɓauna. A gaya masa tun kafin zama cewa za a nemi ya karanta abin da ya aiko. Idan mahawara ta fara zafi har ana ambaton mutum maimakon hujja, a mayar da kowa kan takarda: wane shafi, wane layi.

Maki

Nan ne abota ke lalacewa. In jami'a ta ba da zaɓi, "ya ci" ko "bai ci ba" ya fi kwanciyar hankali, da sharuɗɗa da ake iya ƙirgawa: fashi bai wuce biyu ba, rubutun mako takwas cikin goma, jagorancin zama ɗaya, da aikin ƙarshe. In kuwa cikakken maki ne, rabo irin wannan na aiki: kashi 25 rubutun mako, 20 jagorancin zama, 20 shiga tattaunawa, 35 maƙalar ƙarshe mai kalma 2,000 zuwa 2,500. Maƙalar malami ne zai duba ta. 'Yan aji za su iya yi wa juna sharhi a kan daftarin farko, amma ba su ke sa lamba ba. Makin shiga tattaunawa kuma kada a auna shi da yawan magana, in ba haka ba za a cika ɗakin da soki-burutsu. A rubuta abin da ake nufi: kawo hujja daga karatu, ɗorawa a kan maganar wani, yin tambayar da ta motsa zance.

A raba wannan tsari a rubuce ranar farko, kuma kada a taɓa shi bayan nan sai da yardar kowa da sa hannun malami.

Mako na biyar ko na shida

A nan ɗoki ke sanyi, gwaje-gwajen sauran kwasa-kwasai su taso, kuma semina ce ake fara yi wa fashi saboda ba a tsoron jagoranta. Ka sa karatu mafi sauƙi a waɗannan makonni tun lokacin tsara jadawali, ka kuma gayyaci malamin ya zo ɗaya daga ciki, amma ya zauna a matsayin ɗan aji, kada ya yi magana sai an yi rabin zama. Ka raba ƙananan takardu ba suna, da tambaya uku: me za a ci gaba da yi, me za a daina, me za a fara. Mako na gaba ka karanta wa aji abin da aka rubuta, har da wanda ya yi maka ɗaci, ka sauya aƙalla abu ɗaya nan take. Idan kuma masu zuwa sun ragu zuwa ƙasa da rabi makonni biyu a jere, ka sanar da malamin a ranar, kada ka jira ganawarku ta gaba.