Yadda Ake Tsara Atisayen Ƙwallo Ga Yaran Unguwa

Duk wanda ya bi ta filayen makarantun firamare na birnin Kano bayan la'asar zai ga yara fiye da ashirin suna bin ƙwallo ɗaya, ƙura ta turnuƙe, wani yaron kuma ya shafe rabin sa'a bai taɓa ta ba. A ganina wannan ce babbar asarar da ake tafkawa a ƙungiyoyin unguwa, domin ƙafa ba ta sabawa da ƙwallo sai da yawan taɓawa, kuma da wannan ma'auni ya kamata mai horarwa ya auna duk atisayen da zai bayar.

A fara da motsa jiki na minti 10 da ƙwallo a ƙafa, maimakon zagaye fili da gudu. A shata wuri mai mita 15 kowane gefe da robobin ruwa cike da yashi, yara su riƙa jan ƙwallo a ciki da cikin ƙafa da bayanta da tafinta, in an busa usur kowa ya juya. Idan ƙwallayen ba su wadata ba, yara uku su haɗu a kan ɗaya, kowa ya yi daƙiƙa 30 ya miƙa wa na gaba. Ƙwallo mai lamba 4 ta fi dacewa da waɗanda ba su kai shekara 12 ba.

Atisayen da ya cancanci kaso mafi tsoka shi ne na da'ira, wanda ya yi suna a Barcelona tun lokacin da Johan Cruyff ya horar da ita daga 1988 zuwa 1996. Yara huɗu su tsaya a gefunan fili mai mita 8, ɗaya ya shiga tsakiya yana neman ƙwacewa, wanda ya zubar da ƙwallo kuma ya canje shi. Hankalin mai horarwa ya fi karkata ga yaron da ke jiran ƙwallo: ya waiga kafin ta iso, ya tsaya a karkace yadda zai ga fili, ya tare ta da ƙafar da ta fi nisa da mai kawo masa hari, sannan da zarar ya bayar ya matsa inda za a sake ganinsa. Tunda yawancin filayenmu yashi ne da tsakuwa, ƙwallo tana tsalle ba zato, don haka a bar su su taɓa sau biyu tukuna, kada a tilasta musu taɓawa ɗaya tun ba su ƙware ba. In hannu ya faɗa, a mayar da su biyar da biyu a tsakiya, kuma kada a bar yaro ɗaya ya wuce minti guda a tsakiya, domin gajiya da dariyar abokai suna kashe masa gwiwa.

Ƙafar da yaro bai saba da ita ba, wadda ga yawanci ita ce hagu, katanga ce maganinta. Ya tsaya mita 5 daga bango, ya buga sau 20 da kowace ƙafa, yana tarewa kafin ya sake bugawa, bayan an nemi izinin mai katangar.

Wajen koyar da zura ƙwallo a raga a guji dogon layi. A raba yaran gida biyu, wani ya gangaro da ƙwallo daga gefe, mai bugu ya dasa ƙafarsa ɗaya a gefenta, ya sunkuyar da ƙirji, ya nufi kusurwar ƙasa. Yaran Kano sun san Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, kuma ambatonsa kan sa su natsu su saurari gyara. Bugu da kai kuwa a jinkirta shi ga ƙanana, kamar yadda hukumar ƙwallon Amurka ta haramta shi ga 'yan shekara 10 zuwa ƙasa a 2015.

Minti 20 na ƙarshe a yi wasa huɗu da huɗu a ƙananan filaye, mai horarwa ya rage tsayar da su. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40, a ba da hutun shan ruwa duk bayan minti 15, a kuma tashi da sauran rana yadda kowane yaro zai isa gida kafin kiran magariba.