Yadda zaka zaɓi bindigar ƙusa mai sauƙin kuɗi in aikin naka na jefi-jefi ne

Kafin komai ka fara neman ƙusar, sannan ka nemi bindigar. Mutane da yawa sai sun sayi na'urar tukuna suke tambayar ina ake sayar da abin da take ci, alhali ita bindigar ƙusa ba irin ƙusar da ake aunawa a sikeli a shagon kayan gini take amfani da ita ba, nata a jere suke zuwa an manne su layi ɗaya a karkace, kuma kowace bindiga da irin karkatar da take karɓa, da digiri ake auna wannan karkatar. In ka sayi mai digiri 21 alhali a garinku mai digiri 34 kawai ake kawowa to ka sayi kayan ado ne kawai, sai dai ka rataye a sito.

Wadda nake magana a kai ita ce babbar, wadda ake haɗa katako mai kauri da ita, irinsu 2x4 da 2x6, wato mai kaurin inci 2 da faɗin inci 4 ko 6, tana harba ƙusa daga inci 2 zuwa inci 3 da rabi. A Amurka da Kanada da ita ake tada gida gaba ɗaya tunda gidajensu na katako ne. Mu da muke gini da bulo amfaninta bai kai haka yawa ba, amma akwai: katakon silin, rumfar mota, kejin kaji, ɗakin ajiya a bayan gida, shingen katako, allon da ake kafawa kafin a zuba kankare. Kada wani mai shago ya miƙo maka 'yar ƙaramar nan da masu kujeru ke amfani da ita, wadda ake rubuta F30 ko F50 a jikinta, yace ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya bane. Waccan ƙusarta siririya ce, F30 iyakarta milimita 30, ta haɗa kushin da filawud ce, ba zata riƙe maka rumfa ba. Haka kuma ita babbar ba'a harba ta a bulo ko kankare, wannan wata na'ura ce daban.

To maganar digiri. Uku ne suka fi yawa. Mai digiri 21 ƙusoshinta da roba aka jera su, kansu zagaye ne cikakke kamar ƙusar da ka sani, sai dai duk harbi ɗaya ɓarɓashin robar na fallatsa, har fuska yana zuwa. Mai digiri 30 zuwa 34 da takarda aka manne nata, sun fi matsuwa da juna don haka gidan ƙusar ya fi cin da yawa, kuma ta fi shiga lungu saboda gidan ya fi miƙewa sama, amma takarda ce, in damina ta samu kwalin a wuri mai danshi sai jerin ya saki ya riƙa maƙalewa a ciki. Sai mai digiri 28 da aka ɗinke da waya, ita bata cika yawa ba, in ba ka tabbatar akwai mai kawo ƙusarta kusa da kai ba ka barta kawai. Masu digiri 30 ɗin nan wasu ƙusoshinsu an yanke gefen kansu, kuma a wasu yankunan Amurka masu fama da guguwa ko girgizar ƙasa dokar gini bata yarda da su ba, sai mai cikakken kai. Wanda ke zaune can kuma aikin nasa na buƙatar izini gara ya tambaya kafin ya saya. Ni dai a ganina ga mai aikin gida mai digiri 21 ta fi kwanciyar hankali in ana samun ƙusarta, don masu arha sun fi yawa a wannan layin, kuma jerin robar bai damu da danshi ba.

Sai kuma abin da ke tura ƙusar: iska, batir, ko gas.

Mai iska ita ce mafi arha a kan kanta kuma ta fi daɗewa, don cikinta babu wani abu mai rikitarwa, fistin ne, wato ƙarfen da ke dukan ƙusar, da zobban roba, in sun mutu a canza su aci gaba. A Amurka irinsu NuMax SFR2190 da Freeman PFR2190 suna cikin masu sauƙin kuɗi, duka biyun digiri 21 ne. In ka ɗan ƙara kuɗi akwai Metabo HPT NR90AES1, wadda nauyinta bai wuce kilo 3 da rabi ba, kafintoci da yawa na yabonta. Wannan kamfanin shi ne da ake kira Hitachi, a 2018 suka canza suna, a Amurka ya koma Metabo HPT a sauran ƙasashe kuma HiKOKI, saboda haka in ka ga tsohuwar Hitachi a kayan gwanjo kada ka raina ta, dangi ɗaya ne. Amma fa kada arhar ta ruɗe ka, bindigar bata aiki sai da kwamfuresa, wato injin da ke tara mata iska, da tiyo da mahaɗi, in baka da su ka haɗa kuɗinsu a lissafi tun farko. Iskar da take so tsakanin PSI 70 zuwa 120 ce, PSI shi ne ma'aunin ƙarfin iska, kuma ga mutum ɗaya mai aiki a tsanake ƙaramin kwamfuresa mai tanki lita 24 ya isa, zai dai riƙa tashi akai-akai yana cika kansa, ka ɗan jira shi. Wani zai ce ai kwamfuresan ƙarin kashe kuɗi ne, gaskiya ne, amma shi baya zama banza, ka busa tayar mota da shi, ka kaɗe ƙura, ka yi fenti kaɗan-kaɗan, gobe in ka sayi 'yar ƙaramar bindigar ita ma shi zai ɗauke ta.

Wajen wuta ne ake yawan yin asara. Kayan da aka yi don Amurka wutar 120 suke ci, mu a Najeriya da Nijar da Gana 220 zuwa 230 muke da ita. Ita bindigar iska babu ruwanta da wannan tunda ba'a jona ta da wuta, ɗan'uwa zai iya aiko maka da ita daga can ba matsala sai dai wataƙila ka canza bakin mahaɗin tiyo, amma kwamfuresa da cajar batir ka saye su a gida ko ka duba rubutun jikinsu da kyau kafin ka soka. Kuma in da janareta zaka yi aiki ka sani injin kwamfuresa na jan wuta sosai lokacin tashi, ƙaramin janaretan nan na kallon talabijin ba zai ɗauke shi ba.

Mai batir daɗin aiki gareta, ba tiyo ba ƙarar inji, ka ɗauka ka hau tsani shikenan. DeWalt da Milwaukee da Makita duk suna yi. Sai dai tsada, dala 300 zuwa sama kafin ma a zo maganar batir da caja a wasu lokutan, ga nauyi, tana kaiwa kilo 4 har fiye, wanda in kana ɗaga hannu sama kana buga silin zaka ji a kafaɗa kafin azahar. Matsalarta ga mai aikin jefi-jefi ita ce batir baya son zama, ka ajiye shi wata da watanni a ɗaki mai zafi ranar da ka buƙace shi ka tarar ya yi sanyi. Inda zan ce ka saye ta shi ne in dama kana da injin huda ko zarto mai batir na kamfani ɗaya, sai ka sayi bindigar zalla batiran da kake da su su ɗauke ta. Mai gas kuwa irin ta Paslode, mai 'yar gwangwani da ake sakawa ciki, ba zan ba mai aikin gida shawararta ba, gwangwanin sayensa ake kullum, yana da ranar lalacewa a jikinsa, kuma samunsa a wajenmu wahala ne.

Akwai wani abu da ya kamata masu rufin kwano su sani. Katakon 2x4 na Amurka an goge shi, kaurinsa na gaskiya inci 1 da rabi ne, shi yasa ƙusa mai inci 3 ko 3 da kwata ke wadatar da su. Namu da ake yankowa a 'yan katako yakan fi haka kauri, kuma kafintocinmu inci 4 suke bugawa a manyan mahaɗan rufi, ita kuma bindigar yawanci a inci 3 da rabi ta tsaya. Don haka ta taimaka maka a silin da ƙananan katakai, amma manyan mahaɗai da ɗaurin langa-langa a jikin gini a bar wa guduma da kafinta, kowa ya san abin da iskar farkon damina ke yi wa rufin da aka yi wa sakaci. Sannan katako mai tauri irin maɗaci ko iroko in ya bushe sosai mai arha zata iya barin kan ƙusar a waje, sai ka ƙara iska ko ka bi da guduma. Shi yasa yana da kyau ka tafi da guntun irin katakon da zaka yi aiki da shi a gwada a gabanka.

Kunamar bindigar, wato abin da kake ja da yatsa, iri biyu ce, kuma nan ne bana son a yi wasa. Akwai wadda sai ka danna bakin bindigar a jikin katako sannan ka ja, ƙusa ɗaya ta fita, in kana son wata sai ka saki ka sake. Akwai kuma wadda zaka riƙe kunamar kana dungura bakin kawai tana ta harbi. Ta biyun ta masu kwangila ce masu sauri, kuma ita ce ta fi jikkata mutane, don bindigar na iya yin tsalle ta sake taɓa katakon ta harba ta biyu ba da niyyarka ba, ko kana saukowa daga tsani yatsa na kan kunama bakin ya taɓa cinyarka. Hukumomin kiyaye lafiyar ma'aikata na Amurka sun ƙiyasta mutum kusan 37,000 ne ke zuwa sashen gaggawa na asibiti duk shekara saboda bindigar ƙusa, kuma shawararsu a yi amfani da ta ɗaya-ɗaya. Yawancin na yanzu suna da ɗan makunni da ake juyawa tsakanin biyun, ka sa a ɗaya-ɗaya ka manta da shi, ba tsere kake ba. Hannun da ke riƙe katako ya yi nesa da wajen harbi da kamar taku ɗaya, inci 12, saboda ƙusa in ta ci karo da kulli a cikin katako lanƙwasa take ta ɓullo ta gefe. Tabarau na kariya dole ne. In ƙusa ta maƙale cire tiyo ko batir kafin ka sa hannu. Kuma don Allah kada ka saurari wanda ya ce maka ka jona ta da tukunyar iskar masu walda wai tunda babu wuta, wannan iskar in ta haɗu da man da ke cikin bindigar fashewa take yi. Yara kuwa kada su zo ko kusa, ka cire tiyon ka kulle ta in zaka shiga sallah.

Sauran abubuwan da ake rubutawa a kwali ba duka ne suka dame ka ba. Wanda ya cancanci ka duba shi ne wajen saita zurfin ƙusa da hannu ba sai da sifana ba, da kuma wadda ke ƙin harbi in ƙusa ta ƙare don kada fistin ya riƙa dukan banza. Ƙugiyar ratayewa tana da amfani in kana sama. Akwatin roba mai kyau da fitila da sauransu, in sun zo to, in basu zo ba kada ka ƙara ko sisi saboda su.

In ta gwanjo zaka saya, kuma babu laifi a hakan don mai iska ta babban kamfani da aka yi amfani da ita sau da yawa ta fi sabuwa marar suna, to kada ka biya sai an jona mata iska. Ka kasa kunne, in tana huci ta sama ko ta wajen kunama zobban robar sun gaji, gyaran ba tsada amma sai in ana samun kayan, kuma dalili ne na neman ragi. Ka danna bakin ka saki ka ga yana dawowa da kansa da ƙarfi, don wasu ma'aikata na cire sifirin ɗin ko su ɗaure shi da waya saboda sauri, irin wannan ko kyauta ce kada ka karɓa. Sannan a ɗora katako biyu a harba mafi tsawon ƙusar sau goma a jere, ka ga duka sun nutse daidai babu wadda ta lanƙwashe ko ta fito biyu.

Kulawa ba wani abu bane mai yawa. Ɗigo biyu ko uku na man da aka yi don kayan iska a bakin shigar iskar kafin ka fara, ba baƙin mai na mota ba don yana cinye roba. Bayan ka tashi ka buɗe 'yar famfon da ke ƙasan tankin kwamfuresa ruwan da ya taru ya fita, in ba haka ba tsatsa zata ci tankin daga ciki. Lokacin hunturu ka rufe bakin iskar ka sa ta a jaka saboda ƙura. Aikin da ruwa zai riƙa duka kamar shinge da rumfa ka nemi ƙusa mai rufin zinki, farar ƙusa zalla tsatsa take ta ɓata katakon.

In kuwa aikin naka guda ɗaya ne tak, rumfa ɗaya ko keji ɗaya, ka zauna ka lissafa bindiga da kwamfuresa da tiyo da kwalin ƙusa, wanda galibi dubu ɗaya ko biyu ne a ciki ba'a sayar da rabi, ka kwatanta da kuɗin kafinta na kwana biyu. Waɗanda ke Amurka shaguna irin Home Depot na bada hayarta na yini, a gida kuma in kana da sanin wani mai aikin katako da ke da ita zaka iya biyansa ya zo da ita da injinsa ya buga maka a yini ɗaya.