Shawara ga masu niyyar ziyartar Azelik

’Yan uwa na Damagaram, duk mai son ganin kufan Azelik da ke jihar Agadas, inda masana ke cewa nan ce tsohuwar Takadda, garin da matafiyin nan ɗan Maroko Ibn Battuta ya ziyarta a 1353, ya tarar ana narka jan ƙarfe ana ciniki da sandunansa, to ya bari sai lokacin sanyi. Da damina laka takan riƙe mota a filin Irhazer, inda Azelik take, ko da mai ƙarfi ce.

Ku bi ta Tanut zuwa Agadas, ku tambayi hukuma halin tsaro kafin ku wuce Ingal, sannan ku ɗauki ɗan jagora da jarkokin ruwa fiye da lissafinku. Ina roƙonku, kashin ƙarfe da fasassun tukwanen da za ku gani a ƙasa, ku bar su inda suke.