Kurakuran da ake yawan yi wajen horar da karen ceto

Duk wanda ya ga yadda ruwan sama ya rusa tsohon masallacin Birni a watan Satumba na 2024 ya san abin da damina ke yi wa ginin ƙasa a Damagaram. Idan gida ya rufta da mutane, hancin kare yakan riga shebur gano inda suke. Sai dai galibin ɓarnar da ake yi wajen horo daga mai karen take fitowa.

Babban kuskure shi ne mai horo ya san inda aka ɓoye mutum. Kare ya iya karanta ubangidansa ƙwarai. Da ka rage tafiya ko ka waiwaya wajen, sai ya yi haushi, ka ba shi lada, kai kana murna, alhali fuskarka ya bi. Ranar da gini ya faɗi da gaske, ba ka san komai ba, shi ma sai ya tsaya yana kallonka. Maganinsa: wani ya ɓoye mutumin ba tare da saninka ba, wani lokaci ma a bar kangon babu kowa, a ga ko zai yi haushin ƙarya.

Haka kuma kada kullum ƙanenka ne ke ɓuya. Karen zai koyi neman ƙanenka kawai. A riƙa sauya mutane, manya da yara, maza da mata.

Wasu na zaɓen kare mai faɗa. A'a, mai son wasa ake nema, wanda ba ya gajiya da bin ƙwallo, shi ya sa ake yawan amfani da karnuka irin Malinuwa da Labrado. Bugun kare kuwa tsoro kaɗai yake koyarwa. Lada ya fito daga hannun wanda aka ɓoye, nan take.

Sai zafi. A watan Afrilu, kare mai haki ba ya shinshina da kyau. A fita da asuba, a yi minti 20, a ba shi ruwa da inuwa.

Kada a tsaya a fili mai laushi. A kai shi kan tubali da kwano da azara, da dare ma. Kuma a tuna jiƙaƙƙiyar laka tana toshe kafofi, wari yakan ɓullo ta gefe, don haka inda ya yi haushi ba lalle nan mutumin yake daidai ba. A duba inda iska ta fito kafin a fara haƙa.

Horon yakan ci kusan shekara 2. Wata 3 ba ya isa.