Kurakuran da Sababbin Masu Tsara Hidima Suka Fi Yi

Na gaji da ganin matasan da ke kawo mini ayyukansu a nan Kaduna suna faɗawa rami guda, wanda ni ma na taɓa faɗawa. Tsara hidima, wato nazarin yadda mutum ke samun biyan buƙata a asibiti ko banki ko tasha tun daga shigarsa har fitarsa, ba tsohon fanni ba ne. Wata ma'aikaciyar banki a Amurka, Lynn Shostack, ita ta fito da taswirar hidima, wato zanen da ke nuna matakan hidima ɗaya bayan ɗaya, a 1982, a 1991 kuma aka fara koyar da fannin a makarantar zayyana ta birnin Kolon a Jamus, inda Birgit Mager ta zama farfesa ta farko a cikinsa a 1995. Amma har yau ɗalibi da ya ji sunan fannin, manhajar waya ce ke fara zuwa masa a rai.

Babban kuskuren ke nan, kuma ni ya ci mini wata huɗu da kwangila sukutum. Wani asibiti mai zaman kansa ya ba ni aikin rage cinkoson mata masu zuwa awo. Na zauna a ofis ƙarƙashin fanka, na tsara yadda za a riƙa tura wa kowace mace saƙon waya mai ɗauke da rana da lokacin zuwanta, ina ganin na gama da matsalar. Ranar da aka fara, tun kafin ƙarfe bakwai benci ya cika kamar kullum. Na tambayi wata dattijuwa da ta rako surukarta ko ba su ga saƙo ba, sai ta ce, "Ɗana, ai wayar tana hannun maigidan, shi kuwa tun sassafe ya wuce Kasuwar Barci." Ashe yawancinsu lambar mazajensu suka bayar, waɗanda ke zuwa daga Rigasa kuma haɗuwa suke yi su hau keke guda don rage kuɗin mota, babu ruwansu da lokacin da na yanka wa kowa. Tun daga nan na ɗaukar wa kaina al'ada: ba na zana komai sai na yi kwana uku a kan bencin da jama'a ke jira, da ɗan littafi a aljihu, ina kallo, bakina shiru. Wasu abokan aiki suna cewa ɓata lokaci ne, ni dai ban daina ba.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin rashin ladabi ne ya sa rigar ilimi. A taswirar Shostack akwai layin da ya raba abin da mai neman hidima ke gani da abin da ake yi a bayan fage, amma ku sababbin masu tsara hidima sai ku ƙawata gaba, ku manta da masu ɗauke da nauyin aikin. A wancan asibitin, mai ba da kati ba ya iya ciro fayil sai mace ta miƙa masa ƙaramin katinta, don haka ko ta zo a kan lokaci dole ta jira. Sai bayan komai ya rushe na je na gaishe shi, ya ce, "Malam, da ka leƙo tun farko, da na faɗa maka." Ku da kuke ji da digiri, wa ya ce muku mai gadi da masinja ba su san aikin fiye da manaja ba?

Sauran ƙanana ne. Kada ka tambayi mutum ko ya gamsu, domin kunya za ta sa ya ce maka alhamdu lillahi ko da ya yini a tsaye. Ka ce ya ba ka labarin zuwansa na ƙarshe. Kada ka gwada tsarinka ranar da akwai wuta da sabis kawai. Shi kuma zanen lu'ulu'u biyu na Majalisar Zayyana ta Birtaniya, da kuke liƙawa a kowane rahoto, cewa yake yi a fahimci matsala kafin a nemi magani, amma sau da yawa idan na tambayi mai rahoton mutum nawa ya zanta da su, sai ya fara sosa ƙeya.